Kiwon dokin sukuwa da lafiyar mai hawansa

Ranar salla, in an sauko daga idi, jama'a sukan nufi ƙofar fada kallon hawa. Haka ake yi a Damagaram, da Maraɗi, da Tsibiri, da Tasawa. A garuruwa da yawa kuma, da la'asar sai a tafi sukuwa. A Yamai ma akwai filin sukuwa.

Doki tsohon abokin mutanen ƙasar nan ne. Sarki Tanimun na Damagaram, wanda ya rasu a shekara ta 1884, ya yi suna wajen yawan dawakin yaƙi. Yau yaƙi da doki ya wuce. Abin da ya rage shi ne hawan salla, da buki, da sukuwa.

Amma sau da yawa murna takan koma kuka. Doki ya ci tsere da la'asar, da dare ciwon ciki ya kashe shi. Wani ya saka ƙafa a rami ya karye. Yaro ya faɗi ta ka, a girgiza shi, a kai shi gida, da safe ya kasa tashi. Sai a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma yawancin wannan hasara tun daga gida take farawa, makonni kafin ranar tsere. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan darasi kashi 7 ne. A karanta kashi guda, a tattauna, kana a wuce gaba.

1. ABINCIN DOKI

Doki babba ne, amma tumbinsa ƙarami ne. Ba ya cin abin da ya fi lita 8 zuwa 15. Doki ba ya tuƙa kamar saniya. Kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ba ya dawowa ta baki. Shi ya sa ciwon ciki ke kashe doki da sauri.

In aka saki doki a daji, yini yake yi yana cin haki kaɗan kaɗan. Haka cikinsa ke so. Don haka haki shi ne tushen abincinsa. Yawancin dawakin karkara nauyinsu kilo 300 ne ko kusa da haka. Irin wannan doki yana bukatar busasshen abinci wajen kilo 6 a yini. Fiye da rabinsa ya zama haki: ciyawa, da harawar wake, da harawar gujiya, da burgu inda ake samunsa.

Hatsi da dawa da dusa ƙari ne don dokin da ke aiki. Tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce. Kada a ba doki fiye da rabin tiya a ci guda. A raba masa rabonsa na yini sau 2 ko sau 3. A fara ba shi haki, kana hatsi ya biyo baya.

Ga kuskuren da ake yawan yi. Salla ta matso, sai mai doki ya ninka hatsi dare ɗaya, wai don doki ya yi ƙarfi. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon ciki, ko zafin kofato, har doki ya kasa taka ƙafafunsa na gaba. In za a ƙara abinci, ko a sake wani iri, a yi shi kaɗan kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10.

A kiyaye abubuwa 4:

- Rairayi. In ana zuba wa doki hatsi a ƙasa, yana haɗiye rairayi, ya taru ya toshe hanji. A zuba masa a kwano ko a kwami.
- Leda da tsumma da igiya. A tsince su daga haki da kewayen turke.
- Abinci mai fumfuna ko mai wari. A zubar da shi.
- Gyauron dawa da ƙaramar dawa da fari ya kama. Suna da dafi.

Dokin da ke gumi yana bukatar gishiri. A sa masa kamar cokali 2 a dusa kullum. Kanwa kuwa kaɗan ta isa. Yawanta yana ɓata ciki.

Alamun ciwon ciki su ne: doki ya ƙi ci, ya riƙa tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima, yana gumi, ba ya kashi. In aka ga haka, a ɗauke abinci, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a aika wa malamin dabbobi nan take. Kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko jiƙo da ƙarfi. Ɗurar takan wuce cikin huhu, ta zama ciwo na biyu.

2. RUWA DA ZAFI

Doki yana shan ruwa lita 20 zuwa 40 a yini. Da bazara, in yana aiki, yakan sha fiye da haka. A Tawa da Maraɗi da Damagaram, zafi yakan wuce digiri 40 cikin watan Afrilu da Mayu. Dokin da ke gudu cikin irin wannan zafi yana iya zubar da gumi lita 10 cikin awa guda.

Shayarwa sau ɗaya a yini ba ta isa ba. A ba shi ruwa mai tsabta aƙalla sau 3. Mafi kyau a bar masa ruwa a gabansa, cikin inuwa.

Wasu sukan hana doki ruwa tun daren ranar sukuwa, wai don ya yi sauƙin jiki. Wannan babban haɗari ne. Dokin da ke da ƙishirwa yana gajiya da wuri, jikinsa ya ɗau zafi, yana iya faɗuwa da mai hawansa.

Ga yadda ake gane ƙishirwa. A kama fatar wuyan doki a ja, a saki. In ta koma nan da nan, lafiya. In ta tsaya a tattare, jikinsa ya rasa ruwa. A ɗaga leɓensa a duba dasashi. Na mai lafiya yana da damshi, da ja mai haske. In ya bushe, ko ya yi ja wur, ko ya yi fari fat, akwai damuwa.

Da an gama gudu, kada a ɗaure doki a rana da sirdi a baya. A sassauta majayi, a sauke sirdi, a kai shi inuwa mai iska. A kwara masa ruwa a wuya, da ƙirji, da baya, da tsakanin cinyoyi. A yi ta maimaitawa har jikinsa ya huce. A da ana cewa ruwan sanyi yana cutar da doki mai gumi. Yanzu masana sun tabbatar ruwan sanyi ne ke ceton ransa. A ba shi ruwan sha kuma, kaɗan kaɗan, a kai a kai. Hatsi ne kawai za a jinkirta, sai ya huce sarai.

Mai doki ya riƙe waɗannan lambobi na doki mai lafiya, in yana hutawa:

- Zafin jiki: digiri 37 da rabi zuwa 38 da rabi.
- Bugun zuciya: sau 28 zuwa 44 a minti guda.
- Numfashi: sau 8 zuwa 16 a minti guda.

Ana jin bugun zuciya a ƙarƙashin muƙamuƙi. A ɗora yatsu 2 a kan jijiya. A ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4. In an ƙirga 10, ke nan 40 a minti. Bayan gudu bugun yakan yi sama ƙwarai. Amma in an huta minti 20 bai sauko wajen 60 ba, gudun ya fi ƙarfin dokin. Kada a sake sa shi a fili ran nan.

3. BARGA DA KOFATO DA CUTA

Doki yana bukatar rumfa. Turkensa ya kasance a wuri mai tudu, inda ruwa ba ya kwanciya. A kwashe kashi kullum a kai gona. Tsayuwa cikin fitsari da laka tana ruɓar da kofato. In ana yi masa dabaibayi, a sa igiya mai taushi mai faɗi. Igiyar roba tana yanka ƙafa.

Kofato shi ne jarin dokin sukuwa. Kowace safiya a ɗaga ƙafa 4, a cire tsakuwa da ƙaya. Kofato yana tsawo wajen santimita 1 a wata. A kira wanda ya iya ya gyara shi bayan kowane mako 6 zuwa 8. Kofaton da ya yi tsawo yana tsagewa, yana sa tuntuɓe. Amma kada a yi gyaran ana gobe sukuwa. A yi shi da mako guda ko 2.

A goge jikin doki kullum, a cire kaska. Wajen gugar nan ne ake ganin miki tun yana ƙarami. In an ga miki, a tafasa ruwa lita 1, a sa gishiri ƙaramin cokali 2, a bari ya huce, a wanke. Kada a sa baƙin mai, ko ruwan batir, ko kashin shanu. Ta cikin miki mai dauɗa ne cutar sandarewa ke shiga, wadda likitoci ke kira tetanos. Tana kama doki da sauƙi. Muƙamuƙinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, kuma da wuya ya tashi. Akwai allurar rigakafinta.

Da damina akwai annobar dawaki. Ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba su ke kawo ta. Doki ya yi zazzaɓi, saman idonsa ya kumbura, numfashi ya yi wuya, kumfa ta fito ta hanci. Ba ta da magani, sai rigakafi. A ɗaure doki nesa da tabki da fadama. A shigar da shi rumfa kafin magariba, a yi masa hayaƙi. A tambayi ma'aikatan kiwo zancen allura.

Akwai kuma mura mai yaɗuwa. A shekara ta 2019 ta kashe dubban jakai a Nijar, ta taɓa dawaki. Tana bin tari, da majina, da kwamin ruwa na tarayya. Saboda haka dokin da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako 2 zuwa 3. Dokin da ke tari kada a kai shi taro. Ko ya warke, a bar shi ya huta aƙalla mako 3. In aka sa shi gudu da wuri, ciwon yakan sauka huhu.

Maganin tsutsar ciki kuma a saye shi da shawarar malamin dabbobi. Shi zai faɗi lokaci da gwargwadon nauyin doki. Maganin da ya sha rana a tebur cikin kasuwa ba abin dogara ba ne.

4. HORO

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duƙushi tun yana bin goɗiya ake saba masa da hannu. A shafa shi, a ɗaga masa ƙafa, a sa masa ragama, a ja shi kusa da uwarsa.

Amma sabo daban, hawa daban. Ƙashin doki ba ya gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6. Ƙashin baya shi ke zuwa ƙarshe. Kada a hau doki kafin ya cika shekara 3. Sukuwa mai tsanani kuwa a jira ya kai 4. Dokin da aka sa gudu yana da shekara 2, yakan lalace tun bai kai ƙarfinsa ba. Mai shi ya ci tsere ɗaya, ya yi hasarar shekara 10.

Ta yaya doki ke koyo? Ta wajen sassauci. Mai hawa ya ja linzami a hankali. Da doki ya tsaya, sai ya saki nan take. Sakin nan shi ne ladan doki. Daga nan yake gane abin da ake so. In an ja ba a saki ba, bakinsa ya mutu, ya daina jin linzami. Haka matsa ƙafa: da ya taka gaba, a daina matsawa.

Doki ba ya haɗa dukan yanzu da laifin ɗazu. In aka doke shi bayan an sauka, tsoro kawai ya koya. Dokin da ke tsoro shi ke tuma, shi ke harbi, shi ke kwasa da gudu cikin jama'a. A koya masa abu guda a rana, minti 15 zuwa 20. A tsaya a lokacin da ya yi daidai. Kafin salla a saba masa da ganga, da algaita, da ƙarar bindiga, da babur, daga nesa tukuna, kana a matso.

Bayan ladabi sai ƙarfin jiki. Numfashi da tsoka suna ƙarfi cikin makonni kaɗan. Jijiya da ƙashi kuwa sai a hankali. Shi ya sa doki yakan nuna yana son gudu alhali ƙafarsa ba ta shirya ba. Ga tsarin kilisa na mako 10 ga dokin da ya daɗe a turke:

- Mako na 1 zuwa na 3: tafiya kawai, daga minti 30 har awa guda.
- Mako na 4 zuwa na 6: tafiya da sassarfa.
- Mako na 7 da na 8: a ƙara gudu marar tsanani.
- Mako na 9 da na 10: gajeruwar sukuwa, sau 2 a mako.

A yi kilisa da sassafe ko da marece. A fara da tafiya ta minti 10, a ƙare da tafiya ta minti 10. A ba shi hutun kwana ɗaya kowane mako. Kowace safiya a shafa ƙafafunsa daga gwiwa zuwa kofato. In an ji zafi ko kumburi, ko yana ɗingishi, a dakata. Kada a ba shi ƙwaya ko allura don a ɓoye ciwon. Dokin da ba ya jin ciwonsa zai yi gudu har jijiya ta tsinke, ya kife da wanda ke bisansa.

5. KAYAN HAWA

Linzamin gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai. Fizga ɗaya tana yanka harshe da ganɗa. Wasu in sun ga jini a bakin doki bayan zamiya, sai su ce doki ya yi wasa. Wannan jini rauni ne. Dokin da bakinsa ke ciwo ba ya ci, yana kaɗa kai, yana miƙewa tsaye. A duba linzami kada ya zama da kaifi ko tsatsa. Wajen kilisa a sa mai sauƙi. Yaro mai koyo kada a ba shi linzami mai tsanani.

Sirdi kada ya zauna a kan ƙashin baya. In an ɗaura shi, a sa yatsu 3 ta gaba, wajen gindin geza. In ba su shiga ba, sirdin yana danne ƙashi. A sa jalala mai kauri, busasshiya, marar tsakuwa. A shanya ta bayan kowane hawa. Farin gashi a bayan baƙin doki ko jan doki shaidar tsohon mikin sirdi ce. Dokin da ke da miki a baya ba a ɗora masa sirdi sai ya warke.

Majayi a ja shi kaɗan kaɗan, a sake dubawa bayan an ɗan yi tafiya. A duba ɗinkin majayi da na igiyar likkafa. Fatar da ta bushe takan tsinke a tsakiyar gudu. A riƙa shafa mata mai.

Ƙaimi da bulala na tunasarwa ne. Dokin da ya gaji, duka ba ya ƙara masa gudu. Kada a doke shi a kai ko a ido.

6. MAI HAWA

Doki ba ya son ɗaukar abin da ya wuce kashi 1 cikin 5 na nauyinsa. Ga doki mai kilo 300, kilo 60 ke nan, har da sirdi. Wannan ya sa masu dawaki ke neman yara su hau musu ranar sukuwa. A nan ne haɗari ya fi yawa.

Yaro ɗan wani ne, amana ce. Yaron da bai iya juya doki da tsayar da shi shi kaɗai ba, bai isa shiga tsere ba. Kada a ɗora shi a dokin da bai taɓa hawa ba. Kada a sa shi ba da sanin uwayensa ba. In ya ce yana jin tsoro, a saurare shi, kada a yi masa gori. Kada a ɗaure shi da doki ko da sirdi. In doki ya faɗi, zai danne shi. Kada kuma a hana shi abinci da ruwa don ya rage nauyi. Mai jin yunwa jiri yake gani.

Raunin da ya fi kashe mahaya shi ne na kai. Rawani da hula ba su tare bugu. A sa hular kwano daidai kai, a ɗaure igiyarta a haɓa. Ta hawan doki ta fi. In babu, ta babur ta fi kai tsirara. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga ba. Masu dawakin gari suna iya tara kuɗi su sayi guda 3 ko 4 na tarayya. Kuɗin hula bai kai kuɗin sirdi mai ado ba.

Haɗari na biyu shi ne ƙafa ta maƙale a likkafa, doki ya ja mutum a ƙasa. A sa takalmi rufaffe mai dunduniya. Gaban ƙafa kaɗai ke shiga likkafa. Likkafar babba ba ta dace da ƙafar yaro ba.

Ƙwaya irin su tramol tana rage hankali, tana kuma kawo farfaɗiya. Wanda ya sha kada a bar shi ya hau. Cikin azumi a taƙaita kilisa, a yi ta da sanyin safiya. Mai hawa da mai kula da barga su je likita a yi musu allurar tetanos.

A ƙasa ma akwai ladabi. Doki yana gani kusan ta ko'ina, amma ba ya ganin abin da ke bayansa daidai wutsiya. A je masa ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana. Kada a naɗe igiyar ragama a hannu. A hana ƙananan yara wasa a bayan doki.

7. RANAR SUKUWA

Tun ana gobe, samarin gari su bi fili da ƙafa. A cike ramun gafiya da na kurege. A tone kututture, a kwashe duwatsu. A ja igiya tsakanin ƴan kallo da hanyar dawaki. A bar fili mai faɗi bayan wurin ƙarewa, don doki ba ya tsayawa nan take. A tanadi tanon ruwa, da inuwa, da faffaɗan katako, da mota ko amalanke. A sanar da malamin likita da malamin dabbobi.

Doki ya ci hatsinsa awa 4 kafin gudu. Ruwa da ɗan haki kuwa ba a hana shi. A jira rana ta yi sanyi. Dattawa su duba kowane doki. Mai ɗingishi, da mai tari, da mai miki a baya, da goɗiya mai tsohon ciki, a fitar da su.

In mutum ya faɗi, ga abin yi:

- A tsayar da sauran dawaki, a kori taro.
- Kada a tashe shi tsaye, kada a girgiza shi, kada a ja masa wuya. Ƙashin wuya ko na baya yana iya kasancewa a karye. Juyi guda yana shanye mutum har abada.
- Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu 2, daidai da jikinsa.
- In ya suma, kada a ɗura masa ruwa. In yana amai, a juya shi a gefe gaba ɗaya, kai da jiki tare.
- In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta.
- Mutum 4 su ɗora shi a katako a miƙe, a kai shi likita.

Wani yakan tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komi. Duk da haka, in kansa ya bugu, ya gama hawa ran nan. Jini yana iya taruwa cikin kai a hankali. A sa masa ido kwana 2, dare da rana. In aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruɗewa, ko barci mai nauyi, ko jini ko ruwa ta kunne ko ta hanci, ko kasalar hannu ko ƙafa, a tafi likita ko da tsakar dare ne. Ba zai sake hawa ba sai likita ya yarda. Bugu na biyu a kan na farko ya fi muni.

Karaya kuma a fara kai ta likita, balle in ƙashi ya huda fata. Ɗorin da aka matse da kara yana tsayar da jini. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, a kwance nan take a tafi likita. Yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya.

Mai dokin da ya kiyaye waɗannan abubuwa, dokinsa zai yi masa salla da yawa. Yaron da ya hau masa kuma zai koma gidan uwayensa da ƙafarsa.

TAMBAYOYI DON MAKARANTAR YAƘI DA JAHILCI

1. Me ya sa ciwon ciki ke kashe doki da sauri?
2. Shekara nawa ya kamata doki ya kai kafin a hau shi?
3. Yaro ya faɗi ya suma. Waɗanne abubuwa 3 ne ba a yi masa?
4. A garinku, wa ke duba fili kafin sukuwa? In babu, wa ya dace a sa?

LISSAFI

1. An ƙirga bugun zuciyar doki sau 18 cikin daƙiƙa 15. Sau nawa ke nan a minti guda? Ya huta ko bai huta ba?
2. Doki yana shan lita 40 a yini. Bokiti yana cin lita 10. Bokiti nawa zai sha a mako guda?
3. Doki yana da kilo 250. Sirdinsa kilo 8 ne. Kilo nawa ne iyakar nauyin mai hawansa?

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa mai doki.